Tsakanin Fom da Harshe: Yadda Kuɗin Tallafi Ke Tsallake Ƙananan Ƙungiyoyin Welsh

Sau ɗaya a wata, a wasu ƙauyukan arewa da yammacin Wales, a Birtaniya, za ka ga fitila a kunne da daddare a ɗakin taron da ke manne da coci. Mutum goma ne ko sha biyu, mafi yawansu sun haura sittin, sun kewaye dogon teburi. Gabansu tulin takardu ne da aka ɗauko daga maɗaba'a. Wannan ya jera shafuka, wancan ya ninke, wata ta ƙirga ta ɗaure da roba ta rubuta sunan unguwar da za a kai. Shayi na tafasa a gefe, hira ba ta yankewa, kuma da harshen Welsh ake yin ta daga farko har ƙarshe. Abin da suke ninkewa jaridar yankinsu ce, wadda suke kira papur bro. Ba wanda ake biya ko sisi, tun daga mai tace labarai har mai rabawa gida-gida.

Ta farko irinta, Y Dinesydd, ta fito a Cardiff, babban birnin Wales, a 1973, yau kuma akwai sama da 50 a faɗin ƙasar. Abin da ke ciki shi ne wa ya haihu, wa ya rasu, wa ke kwance a asibiti, wace yarinya ta ci jarrabawa, wane ne zai yi wa'azi ranar Lahadi. Kuɗin bugu yana fitowa daga sayar da jaridar, da tallan bakanike da na mai shago, da ɗan abin da gwamnatin Wales ke bayarwa duk shekara. Idan farashin takarda ya tashi, ma'aji kan buɗe littafinsa ya ga lissafi ya ƙi haɗuwa. Sai wani a kwamiti ya ce ai akwai tallafi, a nema mana. Wanda ya faɗi haka yawanci bai taɓa cike fom ɗin ba.

Wales ɗaya ce daga ƙasashe huɗu da suka haɗu suka zama Birtaniya, mutanenta sun ɗan haura miliyan 3. A 1901 kusan rabinsu suna magana da Welsh. Ƙidayar 2011 ta sami mutum 562,000, wato kashi 19 cikin ɗari. Ta 2021 ta sami 538,300, kashi 17.8, mafi ƙanƙantar kaso da aka taɓa gani tun da aka fara tambaya. A gundumar Carmarthenshire, wadda ake lissafawa cikin cibiyoyin harshen, kason ya sauko daga 43.9 zuwa 39.9 cikin shekara goma. Gwynedd ce ta fi riƙewa, da kashi 64.4. Gwamnatin Wales kuwa tun 2017 ta ɗaura wa kanta buri mai suna Cymraeg 2050: a kai masu jin harshen miliyan ɗaya kafin 2050, a kuma ninka kason masu amfani da shi kullum daga kashi 10 zuwa 20.

Burin miliyan ɗin shi ake ta yayatawa, amma na biyun ya fi wuya. Makaranta tana iya koya wa yaro harshe. Ba ta iya sa shi ya yi tsegumi da shi, ko ya yi zawarci da shi, ko ya yi ta'aziyya da shi. Yaron da ya fita ƙofar makaranta ya tarar da wayarsa da filin ƙwallonsa da shagon unguwarsu duk Ingilishi suke yi, Welsh zai zame masa kamar kayan makaranta, ana dawowa gida a tuɓe a rataye. Inda harshen yake numfashi ba tare da an tilasta wa kowa ba shi ne ƙungiyar mawaƙan ƙauye, da kulob ɗin matasa manoma, da reshen ƙungiyar mata, da gasar waƙa da adabi ta gari wadda suke kira eisteddfod, da teburin ninke jarida. Duk waɗannan aikin gayya ne. Su ne kuma suka fi shan wuya a kasuwar tallafi.

Kuɗin harshe dai akwai shi a Wales, kuma an san inda yake zuwa. Kaso mai tsoka yana tafiya ga manyan ƙungiyoyi na ƙasa: Urdd Gobaith Cymru, ƙungiyar matasa da Sir Ifan ab Owen Edwards ya kafa a 1922, Mudiad Meithrin, mai kula da renon ƙananan yara da Welsh tun 1971, babban bikin Eisteddfod na ƙasa da ake yi kowace Agusta, da cibiyoyin raya harshe 22 da ake kira Mentrau Iaith, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a kwarin Gwendraeth a 1991. Waɗannan suna da ofis da ma'aikata masu albashi da wanda ya san kan rubuta takardar neman kuɗi. Su ma suna kukan cewa abin da ake ba su bai bi tsadar rayuwa ba, kuma kukan nasu na kan hanya. Sai dai wanda ke da albashi ya yi kuka a ofis daban, wanda ke cike fom a teburin kicin bayan ya dawo daga gona daban. Ƙananan ƙungiyoyin sai su shiga layi ɗaya da kowa, a gaban asusun cacar ƙasa mai raba wani kaso na kuɗin caca ga ayyukan alheri, da ƙananan hukumomi, da gidauniyoyi masu zaman kansu, da asusun da kamfanonin lantarkin iska ke ware wa garuruwan da suka kafa injinansu.

A wannan layin, tambayar farko da ake yi maka ita ce: mene ne sabon shirinka? Masu ba da tallafi suna son abu mai ranar farawa da ranar gamawa, mai sakamakon da za a ƙirga a rubuta a rahoto. Ƙungiyar mawaƙan ƙauye kuwa ba sabon shiri take nema ba. Tana neman kuɗin hayar zaure, da na ɗumama shi a hunturu, da inshora, da ɗan na mai ga matar da ke zuwa daga wani gari tana kaɗa musu piyano. Wannan shi ake kira kuɗin gudanarwa, kuma shi ne mafi wuyar samu. Tun da kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabi a 2022, ɗumama tsohon ginin dutse na awa biyu ya zama abin da kwamiti ke zama a kansa.

To, me suke yi? Sukan ɗinka wa tsohon aiki sabuwar riga. Atisayen daren Talata da aka shekara arba'in ana yi sai a sa masa suna shirin yaƙi da kaɗaici a tsakanin tsofaffi. Ba ƙarya suka yi ba, domin lallai yana maganin kaɗaici. Amma da zarar kuɗin ya shigo, sai a bi alkawarin da aka rubuta: a ɗauko mai horarwa daga waje na mako shida, a sayi majigi da ba wanda ya nema, a raba wa tsofaffi takarda su zaɓi yadda suke ji daga ɗaya zuwa biyar. Shekara ta zagayo, kuɗi ya ƙare, majigi na cikin kabad, rufin zauren na nan yana yoyo kamar da, sakatariyar ƙungiya kuma ta gaji gajiyar da ba ta yi a baya ba. Idan suka koma neman wani, a ce musu ba a tallafa wa abu ɗaya sau biyu.

A ganina nan ne zuciyar matsalar take. Fom yana tambaya wane sauyi aikinka zai kawo. Nasarar papur bro kuwa ita ce ba a sami sauyi ba: bana ma, kamar bara, mutanen ƙauyen sun karanta labarin rasuwar maƙwabcinsu da harshen da suka yi rayuwa da shi. Babu gurbi a fom da za ka rubuta cewa wani abu bai mutu ba. Mai duba takardu, wanda ke da ɗaruruwa a gabansa kuma aka ba shi ma'aunin da zai bi, ba zai ba da maki ga abin da ma'aunin bai sani ba, ko da shi kansa ɗan ƙauyen ne.

Sai maganar harshen fom ɗin kansa, wadda ke da tarihi mai ban dariya da ban haushi. A 1967, matan ƙauyen Y Parc kusa da Bala suna da reshe na wata tsohuwar ƙungiyar mata ta Birtaniya. Shugabannin ƙungiyar suka dage cewa Ingilishi ne harshen harkokinta na hukuma. Matan suka fice suka kafa tasu, Merched y Wawr, wadda yau take da rassa a duk faɗin Wales. Wadda ta ja gaba, Zonia Bowen, 'yar Ingila ce da ta koyi Welsh. Ke nan ɗaya daga manyan ƙungiyoyin harshen rigimar takarda ce ta haife ta.

Yau doka ta gyara da yawa. Dokar 2011 ta ba Welsh matsayin harshen hukuma, aka naɗa kwamishinan harshe a 2012, kuma tun 2016 ƙa'idoji sun wajabta wa ƙananan hukumomi da gwamnatin Wales su karɓi takardar neman tallafi da Welsh ba tare da an mayar da ita saniyar ware ba. Asusun cacar ƙasa ma yana karɓa da Welsh. Amma dokar ba ta hau kan gidauniyoyi masu zaman kansu da ke zaune a Landan ba, kuma a can manyan kuɗaɗen sadaka na Birtaniya suke. Ƙungiyar da duk takardunta da Welsh suke, tsarin mulkinta da bayanan taronta da lissafinta, sai ta fassara komai kafin a saurare ta. Ko ta biya mai fassara, ko wani ya kwana a kai.

Har inda fom ɗin Welsh yake, akwai wani abin da ba a cika faɗa a fili ba. Da Ingilishi aka yi tunanin fom ɗin, sannan aka fassara. Yana cike da kalmomin ofis da aka ƙirƙira, waɗanda manomin da bai taɓa yini ɗaya bai yi Welsh ba yakan tsaya ya yi ta kallo. Ga kuma tsoro: idan na rubuta da Welsh, wa zai karanta? Shin fassara za a miƙa wa masu yanke hukunci, ta kashe armashin maganata? Shin tawa za ta makara? Sai mutum ya ɗauki na Ingilishi don ya tsira. Daga baya hukuma ta duba alƙaluma ta ce ai masu amfani da na Welsh ba su da yawa. Irin wannan hujja ce bankin HSBC ya kafa lokacin da ya rufe layin wayarsa na Welsh a Janairun 2024.

Akwai wata tambaya da ta fi wannan tsauri, domin ita ta taɓa dalilin kafa ƙungiyar. Kusan kowane mai ba da tallafi yana son ya ji yadda za ka buɗe ƙofa ga kowa da kowa a yankinka. Manufa ce mai kyau. Asusun cacar ƙasa a Wales ma yana neman ayyukan da ya tallafa wa su kasance da harshe biyu, kuma yana yarda a sa kuɗin fassara a kasafi. An yi haka ne don a tilasta wa ƙungiyoyin da ke aiki da Ingilishi kaɗai su tuna da masu Welsh, kuma ya yi amfani. Amma dubi abin daga ɗaya ɓangaren. Kusan duk baligin da ke jin Welsh yana jin Ingilishi. Idan mutum goma sha biyar suna taro da Welsh, baƙo ɗaya da ba ya ji ya shigo, kunya da kara za su sa duka ɗakin ya juya zuwa Ingilishi. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya yi faɗa. Mako na gaba ma haka. Bayan shekara biyu ƙungiyar tana nan, tana da mambobi fiye da da, rahotonta ya yi kyau, amma abin da aka kafa ta dominsa ya tafi.

Maganin da suka samo shi ne fassarar nan-take, inda mai fassara ke raɗa a makirufo, wanda ba ya ji ya sa na'ura a kunne. A tarukan kansiloli a Gwynedd abu ne da aka saba. Sai dai kuɗi ne kowane dare, kuma ba ka fassara atisayen waƙa ko barkwancin da ake yi wajen shan shayi. Ƙungiyar da ta ce ita Welsh kaɗai take yi, tana maraba da masu koyo amma ba za ta juya harshe ba, takan ji kamar tana kare kanta daga zargin wariya. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta lissafa abubuwa tara da ba a nuna wa mutum bambanci a kansu, irin su shekaru, naƙasa, addini, jinsi da launin fata. Harshe ba ya cikin taran. Yawancin fom-fom na gidauniyoyi a kan wannan jeri aka gina tambayoyinsu, don haka al'ummar da take 'yar tsiraru a ƙasarta ta gado ba ta da gurbin da za ta sa alama. Gaba kura, baya sayaki: ka buɗe ƙofa harshe ya fice, ka tsare harshe maki ya ragu.

Taswirar talauci ma ba ta taimaka musu. Wales tana da ma'aunin da ya raba ƙasar zuwa ƙananan yankuna kusan 1,900, ya jera su daga mafi fama zuwa mafi wadata, kuma kuɗin shiga da aikin yi ne suka fi nauyi a lissafin. A fitowar 2019 wani sashe na garin Rhyl ne ya zo kan gaba, sai unguwannin tsoffin kwarurukan haƙar kwal na kudu da wasu sassan birane. Masu ba da tallafi da yawa suna duba wannan jeri kafin su yanke hukunci, kuma ba wanda zai ce mutanen Rhyl ba su cancanta ba. Talaucin karkara ne dai ba ya taruwa wuri ɗaya. Leburan gona yana maƙwabtaka da attajirin da ya yi ritaya ya taso daga Ingila ya sayi gida, idan aka haɗa su aka raba sai ƙauyen ya fito a matsayin mai rufin asiri.

A yankin Llŷn da gaɓar Ceredigion da Pembrokeshire, gidajen hutu sun cinye wasu ƙauyuka har matasan gari ba sa iya sayen gida inda aka haife su. Makarantar firamare ta Abersoch ta rufe a ƙarshen 2021 don yara sun yi ƙaranci. Tun Afrilun 2023 an ba ƙananan hukumomi ikon ƙara harajin gida na biyu har zuwa kashi 300. Irin wannan ƙauye yana iya rasa makarantarsa da cocinsa da matasansa da harshensa, a taswira kuma ya ci gaba da zama kore shar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba shi ya zana taswirar ba.

Sauran wahalhalun na takarda ne, kuma kowace ƙaramar ƙungiya a Birtaniya ta san su, ko da wane harshe take yi. Sai an ga rubutaccen tsarin mulki, da asusun banki da sunan ƙungiya, da lissafin shekara, da tsarin kare yara da masu rauni. Idan kuɗin shiga ya haura fam 5,000 a shekara, ƙungiyar agaji sai ta yi rajista da hukumar da ke sa ido a kan irinsu. Ƙaramin tallafin asusun caca, wanda ke kamawa daga fam 300 zuwa 20,000, an sauƙaƙa shi ƙwarai idan aka kwatanta da sauran, amma yana da sharaɗin da ke ba mutanen ƙauye dariya: mutum biyun da za su tsaya wa ƙungiya kada su zama 'yan uwa na jini ko na aure, kada kuma su zauna gida ɗaya. Sharaɗi ne mai hankali don hana cuwa-cuwa. A ƙauyen da shugaba da ma'aji miji da mata ne, sakatariya kuma ƙanwar matar, sai an fita neman bare. Reshen bankin da za a je a canza masu sa hannu kuma ya daɗe da rufewa, na kusa tafiyar mota ce mai nisa.

Wurin renon yara, cylch meithrin, shi ya fi ɗaukar wannan kaya. Da yawansu ƙungiyoyin agaji ne masu cin gashin kansu, kwamitinsu iyayen yara ne. Uwa mai goyo da ta zo ajiye ɗanta sai ta wayi gari ita ce ma'aji, tana biyan albashi, tana lissafin fansho da haraji, tana jiran masu duba ingancin wuraren reno. A Afrilun 2025 kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikaci ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15, mafi ƙarancin albashi ma yana ta hawa. Kafin ta ƙware, ɗanta ya shiga firamare ta sauka, wata sabuwa ta fara daga tushe. Nan ne kuma ƙofar da yaran gidajen da ba a jin Welsh ke fara shiga harshen.

Ga manyan tallafi kuwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sau da yawa sai ka kawo wani kaso daga aljihunka ko daga wani mai bayarwa kafin a cika maka. Wasu kuma sai ka kashe ka kawo rasit sannan a biya ka. Ƙungiyar da duk abin da ke asusunta bai wuce kuɗin haya na wata uku ba, da me za ta fara kashewa?

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara dagula lissafi. Daga 2000 har zuwa ficewar, yammacin Wales da kwarurukan kudu sun kasance cikin yankunan da ke samun tallafi mafi girma daga Turai, a shirye-shirye na shekara bakwai-bakwai, ciki har da na raya karkara wanda kwamitocin yanki ke rabawa. Takardunsa sun yi ƙaurin suna wajen wahala, amma mutum ya san abin da ke tafe. Wales ta zaɓi ficewa a 2016 da kashi 52.5. Asusun da gwamnatin Landan ta kawo a madadi ya ware wa Wales fam miliyan 585 na 2022 zuwa 2025, ya bi ta hannun ƙananan hukumomi, ya tsallake gwamnatin Cardiff, wadda ta ce gaba ɗaya ƙasar ta yi asarar sama da fam biliyan 1. Kuɗin ya iso a makare kuma dole a kashe shi cikin ƙurarren lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya riga ya ajiye shiri a aljihun teburi da ma'aikacin da zai rubuta shi ya samu. Kwamitin da ke zama sau ɗaya a wata kafin ya ji labari an rufe. Shirin Arfor, wanda aka tsara musamman don tattalin arzikin Gwynedd, Môn, Ceredigion da Carmarthenshire, ya sami fam miliyan 11 a zagayensa na biyu, shi ma na ɗan wa'adi ne zuwa 2025.

Wani abu da mai karatu ba zai sha wuyar fahimta ba shi ne ɗar-ɗar da kuɗin caca. Rayuwar harshen Welsh ta daɗe a jingine da cocin da ba na gwamnati ba, masu tsananin ƙin giya da caca. Tun da aka fara cacar ƙasa a 1994 ta zama babbar rijiyar ƙananan ƙungiyoyi, amma har yau akwai dattawan coci da ba sa son a gyara ɗakin taronsu da irin wannan kuɗi. Ga su 'yan kaɗan suna raguwa, coci-coci na rufewa ana sayarwa, ɗakin taron da ake ba ƙungiyoyi kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba yana tafiya tare da su. Akwai gidauniyoyin gida da suka san wannan duniyar, kamar ta James Pantyfedwen da ke Aberystwyth, wadda ke tallafa wa coci-coci da gasannin eisteddfod na gari, amma ƙarfinsu bai kai na manyan ba.

Kada a ɗora komai a kan masu bayarwa. Kuɗin jama'a ne, dole a bi sawunsa. Kowane yanki yana da cibiyar taimaka wa ƙungiyoyin sa-kai, irin su Mantell Gwynedd da Medrwn Môn, masu zama da mutum su cike fom tare da Welsh, kyauta. Wasu kwamitocin ba sa zuwa. Akwai waɗanda mutum uku suka riƙe shekara talatin, suna kukan matasa ba sa shigowa, matashi kuma in ya kawo shawara a ce masa ba haka muke yi ba. Akwai kuma jin kai irin na mutanen da suka saba yi wa kansu, waɗanda roƙo ke yi wa nauyi a baki.

Wannan jin kan yana da asali. Jami'ar Aberystwyth da ta buɗe a 1872 karo-karon talakawa ne ya riƙe ta a shekarunta na farko, masu fasa dutse kuma sun ba da daga ladansu aka kafa ta Bangor a 1884. A 1974 mutanen Llanaelhaearn, tare da likitansu Carl Clowes, suka kafa Antur Aelhaearn, suka sayar wa junansu hannun jari a kan fam ɗaya don ƙauyen kada ya mutu. A 1988 mutanen Llithfaen suka sayi mashayar garinsu, Tafarn y Fic. A ƙauyen Wales mashaya ita ce dandali, nan ake taro da waƙa da darasin masu koyon harshe. A 2021 mutanen Llandwrog suka tara sama da fam 400,000 suka sayi tasu, Ty'n Llan. Ƙungiyar da ke da ginin kanta da cinikinta ba ta buƙatar bayyana wa kowa dalilin da ya sa take magana da harshenta.

Sai dai wannan hanya tana son gari mai 'yan canji da mutanen da suka iya lissafi da doka, kuma gyaran ginin kan mayar da su layin tallafi. Wales ba ta da dokar da ke ba al'umma damar farko idan za a sayar da ginin da ta dogara da shi, alhali Scotland tana da irinta tun 2003, Ingila tun 2011. Asusun gwamnatin Birtaniya na taimaka wa al'umma sayen irin waɗannan gine-gine an rufe shi a Disambar 2024. Jaridar ƙauye da ƙungiyar mawaƙa kuma ba su da abin sayarwa da zai jawo mai hannun jari.

A Agustan 2024 hukumar da gwamnatin Wales ta kafa ƙarƙashin Dakta Simon Brooks ta miƙa rahotonta a kan garuruwan da Welsh ke da ƙarfi. Babbar shawararta ita ce a ayyana irin waɗannan yankuna a hukumance, domin a riƙa tsara manufofin gidaje da ilimi da tattalin arziki daidai da halinsu. Idan hakan ya zauna da gindinsa, zai ba mai duba fom wata taswira ta biyu da zai ajiye kusa da ta talauci. Ba zai sauya tambayar sabon shiri ba, ba zai kuma cike wa kowa fom ba.

A babban taron shekara na jaridar ƙauye, zaɓen shugabanni ne ke zuwa ƙarshe. Ma'aji ya karanta lissafi, ya ce bana an tsira da 'yan fam kaɗan saboda cinikin kek da shayi da aka yi a bazara. Sannan ya cire tabarau ya ce shekarunsa sun ja, yana so wani ya karɓa, ga littafi ga fayil ɗin rasit ga lambar shiga shafin masu tallafi. Kowa ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. Shugaba ya ce ko zai daure ya ƙara shekara ɗaya tak, kafin a samu wani. Ya mayar da tabaransa, ya ja fayil ɗin gabansa.